FARAR ƘARA: Tana taimakon mai kunnen da ba ya jure hayaniya, amma fa a rage murya

Yau ba darasin seta waya ko dabarar tattalin data na kawo muku kai tsaye ba, kodayake waya za ta shigo ciki. Ra'ayina zan faɗa a kan wata 'yar na'ura da ake ta tallarta yanzu, da manhajojin da ke yin irin aikinta. Kuma zan yi maganar ne a matsayin wanda ya taɓa ba da gurguwar shawara a kan wannan abu har ta cutar da 'yar gidansu.

Ina da ƙanwa, ɗaliba ce. Wajen shekara biyu da suka wuce ta fara ƙorafin cewa ƙara na yi mata zafi a kunne. Irin ƙarar da ni da kai ba ma ko lura da ita fa: cokali ya faɗi a siminti, a haɗa kwanukan silba a wajen wanke-wanke, yaro ya ƙwalla ihu a tsakar gida, mai adaidaita sahu ya danna hon a bakin layi. Sai ka ga ta dafe kunne ta runtse ido kamar an soka mata tsinke. Idan maƙwabcinmu ya tayar da injin markaɗe da safe, ɗaki take shigewa ta turo ƙofa. Mutanen gida kuwa kun dai san halinmu. Wani ya ce iyayi ne, wata ta ce tsirfa ce irin ta 'yan boko, gwaggonmu ta ce a bincika ko iska ce ta taɓa ta. Umma ce kaɗai ta ce, "Yarinyar nan ba ta ƙarya, ku ƙyale ta."

Ni kuma da yake ni ne injiniyan gida, wanda ake miƙo wa kowace waya idan ta ƙi kawo wuta, sai na ga ai wannan ƙaramin abu ne. Na sayo mata iyafis, na sauke mata sautin ruwan sama mai tsawon awa goma, na ce, "Duk lokacin da aka dame ki, ki toshe kunnenki ki ƙure murya, ba za ki ƙara jin kowa ba." Ta ce, "To Yaya, na gode." Haka ta yi ta yi kusan wata uku. Da rana iyafis, da dare auduga. Wata rana aka kwana biyu babu wuta, cajin wayarta ya ƙare, dole ta cire. Da yamma ta same ni tana hawaye ta ce, "Yaya, yanzu ko maganar Umma ƙarfi take yi min." An gudu ba a tsira ba ke nan, kuma ni na nuna mata hanyar.

Bari mu koma baya tukuna, don wasu ba su ma san me ake nufi da farar ƙara ba.

Ka taɓa murɗa tsohon rediyo ka tsaya tsakanin tasha da tasha? Wannan "shuuuu" ɗin da kake ji, ko na tsohuwar talabijin idan an rufe tasha, shi ne kusan abin da ake nufi. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin sauti daga mai kauri sosai, wanda ke kaɗawa sau 20 a daƙiƙa, zuwa siriri sosai mai kaɗawa sau 20,000 a daƙiƙa. Idan aka haɗa duka waɗannan sautuka da ƙarfi iri ɗaya, a lokaci ɗaya, shi ne farar ƙara. An ba ta sunan ne saboda farin haske, wanda shi ma haɗuwar dukkan launuka ne. Idan za ka neme ta a Play Store ko YouTube, white noise za ka rubuta.

Tana da 'yan uwa biyu da ya kamata ka sani. Akwai wadda ake kira mai launin hoda, wadda aka rage wa siririn sauti, sai ta fi kama da ruwan sama mai sauka a hankali. Akwai kuma ta Brown, wadda aka ƙara rage wa siririn sautin sosai, sai ta zama kamar gurnanin kogi idan ya kawo ruwa, ko ƙugin babbar mota daga nesa. Da yawa suna zaton launin ƙasa-ƙasa ake nufi, alhali sunan wani masanin tsirrai ne ɗan Skotlan, Robert Brown, wanda a 1827 ya lura da yadda ƙananan ƙwayoyi ke rawa barkatai a cikin ruwa. Na kawo wannan bambancin ne don wanda kunnensa ke jin zafin ƙara, sau da yawa siririn sauti ne ya fi damunsa, kuma asalin farar ƙarar cike take da shi. Ƙanwata ba ta iya minti biyar da ita. Mai launin hodar ce ta karɓe ta.

To ta yaya ƙara za ta yi maganin ƙara? Ga misalin da ya fi zama min a kai. Idan kana kwance a ɗaki mai duhu wani ya haska maka tocila a ido, za ka ji kamar an mare ka. Wannan tocilar dai, a haska maka ita da tsakar rana, ko a jikinka. Tocilar ba ta canza ba, tazarar da ke tsakanin duhu da haske ce ta canza. Haka kunne yake. Abin da ke firgita ƙwaƙwalwa shi ne tsalle daga tsit zuwa "ƙwaram". Idan akwai wani ɗan sauti mai laushi da ke gudana ba yankewa, tsallen yana raguwa, sai faɗuwar cokalin ta zo ta wuce ba tare da gabanka ya faɗi ba. Shi ya sa da yawanmu barci ya fi mana daɗi idan fanka na juyawa, kuma da zarar an ɗauke wuta sai mu farka tun kafin zafi ya kai ga jikinmu. Shirun ne ya tashe mu.

Yanzu ka juya misalin. Mutumin da ya kulle kansa a ɗaki mai duhu tsawon mako, ranar da ya fito ko hasken hantsi ba zai iya kallo ba. Abin da na yi wa ƙanwata ke nan da auduga da iyafis. Kuma ba ni na ƙirƙiro wannan bayani ba. A 2003 wani masanin ji a Amurka mai suna Craig Formby da abokan aikinsa sun yi gwaji da mutane masu lafiyar kunne. Wasu aka sa suka toshe kunnuwansu tsawon mako biyu, wasu kuma aka saka musu 'yar na'ura mai fitar da ƙara ƙasa-ƙasa na wannan tsawon lokaci. Da aka auna su, waɗanda suka toshe kunne sun koma suna jin sauti ya fi yi musu ƙarfi fiye da da, waɗanda aka ba ƙaramar ƙara kuma sun ƙara jure sauti mai ƙarfi. Wato ƙwaƙwalwa tana da nata makunnin ƙara murya. Idan ka hana ta sauti, sai ta murɗa shi sama don ta kamo ɗan abin da ya rage. Idan ka ba ta sauti daidai gwargwado, sai ta sassauta.

A nan ne nake da matsala da yadda ake tallar waɗannan na'urori da manhajoji. Kullum abin da ake ce maka shi ne za ta "toshe" hayaniya, za ta "kashe" ƙarar maƙwabta. Wannan kalma ita ke sa mutum ya ƙure murya, don idan kana so ka daina jin janaretan maƙwabci gaba ɗaya, dole sautin da ke kunnenka ya kai ƙarfin nasa ko ya kusa. Ka ga ba ka rage wa kunnenka kaya ba, ƙara masa ka yi.

Ga lissafin a taƙaice. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana kusan 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron sauti mai ƙarfin 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da ya cutu ba. Idan ya kai 90, awa 4 ne kacal a mako. Idan ya kai 100, minti 20 ne a mako gaba ɗaya. Iyafis kuwa idan aka ƙure shi yana iya kaiwa 100 har ya wuce. Yanzu ka tuna yarinyar da ke yini da shi a kunne. Can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, su ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta, kuma idan ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi. Allah dai ya taimake mu, da aka auna jinta daga baya an samu bai taɓu ba.

Da muka je wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro, bai yi min faɗa ba, amma kallon da ya yi min ya isa. Ya ce abin da ke damunta likitoci na kiransa haifarakusis, wato mutum ya riƙa jin sautin da kowa ke jurewa ya yi masa ƙarfi fiye da kima, har ya kai ga zafi. Abin mamakin shi ne bai hana ta sautin ruwan saman ba. Cewa ya yi a cire shi daga cikin kunne a mayar da shi ɗaki, a rage shi har ya zama tana jinsa amma tana jin maganar wanda ke gefenta ba sai ya ɗaga murya ba. Auduga kuma a daina, sai dai idan za ta shiga wurin da ƙarar ke iya cutar da kowa ma, kamar gidan biki da aka kafa manyan sifiku ko kusa da masu walda. Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Pawel Jastreboff, wani masani ɗan asalin Folan da ya yi aiki a Amurka, tun wajejen 1990 ya fito da tsarin amfani da ƙaramin sauti mai ɗorewa ga masu fama da kukan kunne, kuma ana amfani da irinsa ga masu wannan larura. Ana farawa ƙasa-ƙasa, a yi watanni a kai, kunne ya sake sabawa da duniya a hankali.

To, sai batun na'urar kanta. A saya ko kada a saya?

Ni dai ra'ayina, yawancinmu ba ma buƙatarta. Ka san mene ne a cikin ta asalin? Wani Ba'amurke mai suna James Buckwalter ne ya ƙera ta a 1962, kuma har yau kamfanin da ya gaje ta yana sayar da irinta da sunan Dohm. Idan ka buɗe ta, 'yar ƙaramar fanka ce a cikin akwati mai ramuka, kana murɗa murfin sautin iskar na canzawa. Fanka ce da aka hana ta ba da iska, don a ƙasar sanyi ba kowa ke son iska na busa shi da dare ba. Mu da muke neman iskar ido rufe, me zai sa mu biya kuɗin jirgi a kawo mana fankar da ba ta fifita? Sauran na zamani kuma, sifika ce da ɗan guntun sauti da aka ɗora mata yana ta maimaita kansa. Wayarka ma na iya wannan. Ga shi da yawansu sai an jona su da wuta, ka ga a nan ma an bar mu a baya. Idan kana da kuɗin, fanka mai caji ta fi maka amfani sau goma, ga iska ga sauti, kuma ba ta mutuwa lokacin da aka ɗauke wuta, wanda shi ne daidai lokacin da janaretocin unguwa ke tashi.

Inda na yarda a kashe kuɗi shi ne idan likita ne ya rubuta irin 'yan ƙananan da ake maƙalawa a bayan kunne kamar na'urar taimakon ji. Waɗannan ba sa toshe ramin kunne, sautin waje na shiga, kuma ƙwararre ne ke seta ƙarfinsu. Wannan magani ne, ba kayan kasuwa ba.

Ga yadda muka yi namu a gida, ba tare da sayen komai ba sai abin da muke da shi.

Tsohuwar waya muka ɗauko, wadda gilashinta ya tsage ba mai amfani da ita. Wannan ya fi a yi da wayar da kake kira da ita, don babu abin da ya kai tashin hankali ga mai wannan larura irin yana kwance sautin ruwa na tafiya, kwatsam kira ya shigo ta cikin sifika. Idan dole wayarka za ka yi amfani da ita, saka ta a yanayin jirgin sama tukuna. Saboda wannan dalili ne kuma nake cewa kada ka kunna kai tsaye daga YouTube ko manhajojin kyauta masu talla. Ana cikin shiru sai wani ya ɓarke da ihun tallar caca ko ta bashi, ƙarfe biyun dare. Ga cin data. Sauti kaɗai ma, mai matsakaicin inganci, yana cin kusan MB 58 a awa, wato ya haura MB 450 a daren awa takwas, balle bidiyo. Ka sauke sau ɗaya ka ajiye a waya, ka kunna da VLC, ka sa maimaitawa. VLC ɗin yana da agogon da ke kashe sautin da kansa bayan lokacin da ka zaɓa, idan barci kawai kake so ya ɗauke ka kuma ba ka so ka makara da asuba.

Wajen zaɓen sautin, nemi mai tsawo, aƙalla awa ɗaya. Gajere na daƙiƙa talatin idan yana maimaituwa, akwai ɗan "ƙit" da yake yi a mahaɗa, kuma kunnen da ya riga ya zama mai sa ido zai kama shi, daga nan sai ya koma jiransa. Ka kuma guji mai kukan tsuntsaye ko tsawa a ciki. Abin da ake nema shi ne sautin da babu labari a cikinsa, wanda ƙwaƙwalwa za ta gaji da shi ta watsar.

Masu iPhone ba sai kun sauke komai ba. Tun daga iOS 15 da ya fito a 2021 an saka abin a ciki. Ku shiga Settings, ku gangara Accessibility, sai Audio & Visual, sai Background Sounds. Akwai sautin ruwan sama, na teku, na rafi, da ƙara iri uku, kuma wadda aka rubuta wa Dark Noise ita ce mai kaurin. Masu Tecno, Infinix, itel da Samsung kuma, bayan hanyar saukewa, akwai myNoise wanda wani injiniyan sauti ɗan Beljiyam, Stéphane Pigeon, ya haɗa. Abin da ya burge ni da shi, yana ba ka maɓallai goma, kowanne na riƙe da wani yanki na sautin daga mai kauri zuwa siriri, sai ka ja wanda ke sukar kunnenka ƙasa ka bar sauran.

Sifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri, komai ka kunna siriri zai fito. Don haka ka haɗa da 'yar MP ɗin nan ta Bluetooth, ko ta waya mai igiya idan irin mai yin surutu ce lokacin da cajinta ya yi ƙasa. Sannan kada ka ajiye ta a kan filo. Kai ta wajen da hayaniyar ke shigowa, gindin taga ko bakin ƙofa, ta yadda sautin waje zai gauraya da nata kafin ya iso gare ka. Ka fara daga shiru, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ka fara jinta, sai ka tsaya. Gwajin mai sauƙi ne: wani ya yi maka magana da muryar da ya saba daga ɗaya gefen ɗakin. Idan sai ka ce "na'am?", ta yi yawa. Manhajojin auna desibel na Android suna ba da ƙiyasi ne kawai, don makirfon kowace waya daban yake, kada ka ɗauki lambar kamar ta asibiti.

Iyaye mata, ga naku. Na ga ana ta yaɗa bidiyon jariri yana kuka, a kara masa waya a kunne da wannan "shuuu", ya yi tsit. Gaskiya ne wasu jarirai suna lafawa da shi, amma a kula. A 2014 likitoci a wani asibitin yara da ke Toronto a Kanada sun auna na'urori 14 da ake sayarwa don barcin jarirai. Da aka ƙure su aka auna daga tazarar santimita 30, dukkansu sun wuce desibel 50 da aka ƙayyade wa ɗakunan jarirai a asibiti, uku daga ciki ma sun wuce 85, wato iyakar da ake sa wa babban ma'aikaci a masana'anta. Shawarar da suka bayar ita ce a nisanta na'urar daga gadon yaro, a rage murya, kuma kada a bar ta har gari ya waye. Yaro yana koyon magana ne da jin muryar mutanen gida, ba da jin ruwan sama ba. Haka nan yaran da ke da galahanga, da yawansu ƙara na damunsu ƙwarai, amma wani sautin zai kwantar masa da hankali, wani kuma ƙara birkita shi zai yi. Idan ya toshe kunne ko ya nemi guduwa, a kashe, kada a ce sai ya saba.

Kada kuma a ɗauka na mayar da farar ƙara maganin komai. A 2021 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania sun tattara nazari 38 da aka yi kan ko irin wannan sauti na gyara barci, suka ce hujjar da ake da ita mai rauni ce sosai. Wasu ya yi musu, wasu bai yi ba, wasu ma ɓata musu barcin ya yi. Sannan akwai wata larurar daban da ake haɗa ta da ta ƙanwata, alhali ba ɗaya suke ba. Ita ce misofoniya, sunan da Jastreboff ɗin nan da matarsa Margaret suka raɗa a 2001. Mai ita ƙarfin sauti bai dame shi ba, wani sauti na musamman ne ke tayar masa da rai: taunar cingam, zuƙar shayi, jan majina, ƙas-ƙas ɗin biro. Sai ya ji wani irin fushi ya taso masa kamar ya shaƙe mutum, shi kansa yana jin kunyar abin. Wani bincike na Jami'ar Newcastle a Ingila a 2017 ya nuna cewa wani sashe na ƙwaƙwalwar masu ita yana tashi fiye da kima idan suka ji irin waɗannan sautuka. Ga irin wannan mutum, kunna fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa lokacin cin abinci na iya sa ya zauna a tire ɗaya da 'yan uwansa maimakon ya ɗauki kwanonsa ya koma ɗaki. Taimako ne babba, amma fushin yana buƙatar mai ba da shawara kan halayyar ɗan Adam, sifika ba za ta cire shi ba.

Wani zai ce to belun kunne masu soke hayaniya fa? Su aikinsu daban ne. Suna da makirfo da ke ɗaukar sautin waje, sai su fitar da kishiyarsa su kashe juna. Sun ƙware a kan sauti mai kauri da ba ya canzawa, irin ƙugin janareta ko na mota a doguwar tafiya. Ihun yaro ko faɗuwar kwano kuwa, kafin su lissafa ya riga ya shige. Suna da amfani na awa ɗaya ko biyu idan za ka yi karatu, amma wanda ya mayar da su hular kullum ya koma gidan jiya, ɗakin nan mai duhu.

Akwai abin da ke ci min rai a duk wannan magana. Muna ta koya wa marar lafiya dabarar jurewa, mai tayar da hayaniyar kuwa ba mai ce masa uffan. Nijeriya tana da dokar ƙayyade hayaniya tun 2009 ƙarƙashin hukumar NESREA, amma je ka ce wa mai sayar da maganin gargajiya da lasifika a kan mota, ko mai biki da ya tare layi har ƙarfe ɗayan dare, ka ji amsar da zai ba ka. Mu namu maƙwabcin mutumin kirki ne. Baba ya je ya same shi bayan sallar isha'i ya yi masa bayani, washegari ya matsar da injin markaɗen daga jikin katangarmu zuwa ɗaya ɓangaren gidansa. Wannan 'yar tazarar ta yi aikin da babu manhajar da ta yi, don a fili duk lokacin da ka ninka nisanka da abin da ke ƙara, ƙarfinsa na sauka da kusan desibel 6.

Sai dai don Allah kada wani ya karanta wannan ya zauna a gida yana gwaji alhali asibiti ya kamata ya nufa. Idan abin ya zo maka farat ɗaya, ko a kunne ɗaya ne kawai, ko yana tare da jiri, ko kunnen na zubar da ruwa, ko jinka ya ragu, ko gefen fuskarka ya saki, ko bayan ka bugu a kai ne, wannan na likita ne a yau ba gobe ba. Ka kuma gaya masa magungunan da ka sha, don irin su kwinin da allurar jentamaisin suna iya taɓa kunne. Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999 don wannan aiki kaɗai.

Ita dai ƙanwata ba zan ce ta warke sarai ba. Har yanzu ba ta zuwa kamu ko dina, kuma idan yara suka fara buga murfin tukunya tashi take yi. Amma ta koma yin wanke-wanke, tana shiga adaidaita zuwa makaranta ba auduga, tsohuwar wayar nan kuma tana nan a gindin taga tana ta ruwan samanta a layi na uku na murya. Ta ɗauki kusan wata bakwai kafin ta kai nan. Makon jiya ma mantawa ta yi ba ta sa ta a caji ba, sai da safe Umma ta tambaye ta yadda ta kwana ba ruwan sama, ta ce ita ba ta ma lura ba.